Gwiwoyin Umma

Ranar Litinin za a kai Umma gidan jinyar tsofaffi. Chunja ce ta tsayar da ranar. Da ta sauko daga motar Busan ranar Juma'a da la'asar ba shawara ta zo yi da ƙanenta ba, takarda ta kawo masa ya sa hannu.

Pilsu bai sa ba. Ya ɗora takardar a kan firij, ya danne ta da kwalbar man riɗi.

Shekararsa hamsin da huɗu, sana'arsa gyaran injin jiragen kamun kifi a bakin tasha. Matarsa ta daɗe da tattara kayanta, saura shi da uwarsa a gidan da ke kan tudu. Shekara uku da suka wuce gigin tsufa ya fara kama ta. Wata safiya da hankalinta ya ɗan dawo ta riƙe masa hannu ta ce, "Kar ka kai ni wurin nan da ake ɗaure mutane a gado." Ya ce ba zai kai ta ba. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kuma ba a taɓa jin ya janye maganar da ya riga ya faɗa ba, ko da wadda bai kamata ya faɗa ba ce.

Maganin farko ƙwaya ce. Ta tayar mata da zuciya, ta sa ta gudawa, har ta fara ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe tana tofarwa a tukunyar fulawa. Sai Likita Yom ta canza mata zuwa filasta, 'yar ƙarama zagayayya, girmanta bai wuce kwabo ba. Kullum da safe a ɓare ta jiya, a manna sabuwa a wani wurin, a rubuta kwanan wata a kanta. Pilsu ya riƙe wannan kamar canjin bakin mai. Ya ja wuyan rigarta, ya ɓare, ya jefa a kwandon shara na kusa da murhu, ya manna sabuwa a ɗaya kafaɗar, ya rubuta lamba da alƙalamin da yake sa wa kayan inji alama. Abin ya karɓe ta. Wata biyu tana gane maƙwabta, tana cin abinci, tana tsayawa a kansa tana cewa ya lalata kifi da irin yankan da yake masa.

Daga nan komai ya juye. Amai da safe, amai da rana. Gumi a tsakiyar sanyi. Yawu na zuba ba ta sani ba. Ta miƙe jiri ya ɗebe ta, sau biyu yana tsintar ta a ƙasa. Ya canza shinkafa. Ya zubar da kimcin bara, tsimammen kabejin nan mai yaji, gaba ɗaya, tulu guda. Ya dafa mata kunun shinkafa da kabewa, ta kai cokali biyu ta ture. Wurin likita ne kawai bai je ba, don ya san idan suka ɗora ta a kan sikeli ba za su ba shi ita ya dawo da ita gida ba.

"Sati shida," in ji Chunja, tana tsaye a ƙofar ɗakin tana kallon uwarsu a kwance a daɓen da ake ɗumamawa daga ƙasa, an ƙure masa zafi yadda take so. "Sati shida tana haka, kai kuma duk na kira sai ka ce lafiya lau."

"Tana shan ruwa."

"Tana shan ruwa! Itaciya ce? Dubi wuyan hannunta, Pilsu. Ciwon ne ya kai inda ya kai. Can akwai masu juya ta, akwai masu sa mata ƙarin ruwa. Kai me kake da shi? Sufana?"

"Na yi mata alkawari, Yaya."

"Ita ta manta alkawarin. Kai kaɗai ka rage kana riƙe da shi, kuma da shi za ka kashe ta."

Ya fita tsakar gida ya kunna taba, ya tsaya yana kallon jiragen da ke shigowa. Ya taɓa kwance injin da ya fi jikin uwarsa rikici, amma can yana iya buɗewa ya duba ciki.

Da gari ya waye Chunja ta sake taso da wata. Ta shiga za ta canza wa Umma kaya, ta fito tana toshe hanci.

"Yaushe rabon ta da wanka?"

"Ina goge mata fuska da hannu da ƙafa."

"Na ce wanka."

"Ba ta yarda. Na taɓa gwadawa ta jefe ni da kwano, ta ce ɗan iska ne ni, wai ni zan tuɓe ta. Kayanta ma sai ta rufe ƙofa take canzawa."

"To ni ma ta ƙi, ta riƙe wandon da hannu biyu. Ba zan kai uwata hannun baƙi tana wannan tsamin ba, su ce ba ta da 'ya'ya. Goya ta mu je gidan wanka. Can ba za ta yi gardama ba."

Gaskiya ne. Shekara arba'in Umma ta yi a tsugune a kasuwar kifi, gaban daro, da wuƙa a hannu, kuma duk ranar Laraba in an tashi sai ta wuce gidan wankan da ke gindin tudu ta jiƙa ƙashinta a ruwan zafi, a cuɗa mata baya. Ta manta sunan jikokinta, amma da Chunja ta ɗauko kwandon roba mai sabulu da soso, sai ta ɗago kai ta ce, "Laraba ce?"

"Laraba ce, Umma," in ji Chunja. Asabar ce.

Pilsu ya durƙusa, aka ɗora masa ita a baya. Matakala tamanin da wani abu ne daga gidan zuwa titi, ya saba saukar da batir a kafaɗa ta nan. Umma ba ta kai nauyin batir ba. Warin man zafi na filastar ciwon gaɓɓai ya cika masa hanci, warin da ya taso da shi, don tun yana yaro bai taɓa ganin gwiwoyinta ba filasta ba. Ta kwantar da kai a wuyansa ta kira shi da sunan wanta da teku ta ci tun kafin a haife shi. Ya amsa.

A ƙofar sashen mata Malsun ta karɓe ta. Malsun ce mai cuɗa a gidan wankan, kuma aji ɗaya suka yi da Pilsu a firamare, inda shi ya tsaya.

"Inna 'yar Namhae! Ina kika shige? Na zaci kin yi sabon miji kin gudu." Ta dubi Pilsu sama da ƙasa. "Kai kuma ƙaton kai, haka ake riƙon uwa? Kifin da ake shanyawa a igiya ya fi ta tsoka. Zauna can, kar ka leƙo, ba a maraba da irinka."

Labule ya rufe. Ya zauna a bencin waje. Jibi war haka wata mota za ta tsaya a gindin tudu, shi zai sauko da ita a baya, kuma ba zai hau da ita ba. Ya laluba aljihu ya ga taba ta ƙare. Ya zauna haka da hannuwansa a tsakanin cinya.

Ko minti goma ba a yi ba labulen ya yaye. Malsun ce, ta yafa ƙatuwar rigar sanyi a kan kayan aikinta, ƙafarta cikin silifas jiƙaƙƙe, hannunta riƙe da kwanon ɗiban ruwa.

"Zo nan, kai."

Ya miƙe. "Ta faɗi ne?"

"Tana zaune tana zagin yayarka. Zo ka duba. Wannan rubutun tafiyar tsutsa na waye?"

Ya leƙa kwanon. 'Yan filasta ne zagayayyu, sun yi dauɗa, wasu sun nannaɗe. A kan kowace akwai lamba da baƙin alƙalami. Uku. Goma sha ɗaya. Goma sha bakwai. Goma sha takwas. Ta jiya ma tana ciki. Rubutunsa ne, har da bakwai ɗinsa mai kama da ƙugiya.

"Daga ina?"

"Daga jikin uwarka, daga ina kuma? Ka san ba a shiga ruwa da filasta. Na ɓare manyan na gwiwa, sai ga waɗannan a ƙarƙashi kamar ƙwan kaza. Huɗu a gwiwar dama, uku a hagu, biyu a ƙugu. Tara. Ga kuma taka ta yau a kafaɗa. Ta bi ta rufe su da manyan don kar su faɗi. Fatar wurin ta yi ja kamar an zuba mata barkono. Mene ne su?"

"Maganin mantuwarta ne." Ya sake duban kwanon. "Ɗaya ake sawa. Ɗaya tak."

"To ita goma ta sa."

"Na jefar da su. Kullum ina jefarwa a shara."

Malsun ta dube shi yadda malaminsu ke dubansa in an zo lissafi.

"A shara. A gidan matar da ke wanke leda ta shanya. Matar da ke goge takardar naɗin kifi ta ninke. Pilsu, ka girma a gidan nan kuwa, ko tsintar ka aka yi?"

Chunja ta fito riƙe da Umma, an mayar mata da kayanta, ba a ko jiƙa ta ba. Umma ta hango kwanon ta miƙa hannu.

"Ba ni kayana. Irin na Japan ne, masu kama da kwabo, irin wanda matar mai ƙanƙara ta taɓa kawo min. Sun fi manyan aiki." Ta nuna Pilsu da haɓa. "Wannan yaron sabo fil yake zubarwa, ga shi yana mannewa. Almubazzari. Ubansa sak."

Ba wanda ya yi dariya sai Malsun, ita ma ta haɗiye.

Asibitin garin yana buɗe har ƙarfe ɗaya ranar Asabar. Pilsu bai jira tasi ba, ya sake goya ta ya bi ta cikin kasuwa, Chunja na biye da kwanon gidan wanka a hannu. 'Yan kifi suna kiran Umma, tana ɗaga musu hannu daga bayansa kamar mai zagayen biki.

Likita Yom ta dubi kwanon, ta riƙe wuyan hannun Umma tana kallon agogo, ta kira ma'aikaciyar jinya ta ce a wanke wuraren da sabulu, a cire ta kafaɗar ma, a sa ƙarin ruwa. Sai da aka fita da ita sannan ta juyo kan Pilsu.

"Malam, ko an ɓare filastar nan, kusan rabin maganin yana nan a cikinta. Shi ya sa ake ninke ta biyu, gefen mai danƙo ya haɗe, a jefar inda hannu ba zai kai ba. A ina take kwanciya?"

"A daɓe."

"Da zafi?"

"Har ƙarshe take murɗawa."

"Zafi yana sa fata ta ƙara zuƙar maganin. Bugun zuciyarta ya yi ƙasa sosai. Da ta shiga ruwan zafin nan da su a jikinta..." Ba ta ƙarasa ba, ta ɗauki alƙalami. "Amai, gumi, yawu, jiri, ƙin abinci. Duk maganin ne ya yi mata yawa. Tun yaushe?"

"Sati shida," in ji Chunja, kafin ya buɗe baki.

"Kuma ba ku zo ba."

"Ba wanda ya ce min a ninke," in ji Pilsu.

Likitar ta buɗe aljihun tebur, ta warware takardar da ke zuwa cikin kwalin maganin, ta ɗora yatsa a kan layin. Ya sunkuya. Rubutun ya yi ƙanƙanta kamar ƙwan kifi. Ya san takardar. Da irinta yake goge alƙalaminsa.

"Na faɗa da baki ma," in ji ta, "amma a ranar agogo kake ta dubawa."

Ya tuna. Akwai jirgin da ke jiransa a ranar.

"Ba ciwon ne ya ƙaru ba ke nan?" Muryar Chunja ta yi ƙasa.

"Ciwon yana nan, ba inda zai je. Amma wannan da kuke gani ba shi ba ne. Za mu riƙe ta kwana biyu ko uku, mu bar jikinta ya huce. Daga baya mu koma ƙaramar filasta, mu fara daga tushe."

"Riƙe ta," in ji Pilsu.

"Kwana uku na ce, Malam. Ba gidan jinya ba ne nan. Ka zo da bayanka ranar Talata ka ɗauki abarka."

Ya fita ya sami famfo a bayan asibitin ya tara kansa a ƙarƙashi. Ya daɗe a haka, ruwan sanyi na bin wuyansa.

Ranar Lahadi aman ya tsaya. Ranar Litinin, ranar da ya kamata mota ta zo, Pilsu ya rufe shago da hantsi ya dafa miyar ganyen teku da kifi ya kai mata a kula. Ya tarar da ita a zaune, an taje mata kai. Ta karɓi cokalin da kanta. Ta sha ɗaya, ta sha biyu, ya riƙe numfashi yana jiran ta ture. Ta kai ƙasan kwanon ta kankare.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta. "Wa ya dafa?"

"Ni ne, Umma."

"Shi ya sa. Akwai saura?"

Chunja ta juya ta fuskanci taga, kafaɗunta na motsi. Da ta gama ta face hanci, ta ja shi waje zuwa baranda.

"Kai ka kusa kashe ta. Ka sani ko?"

"Na sani."

Ta shirya wa gardama, ba ta shirya wa wannan ba.

"Da ka kawo ta tun satin farko..."

"Na ce na sani, Yaya."

Wata mata ta wuce tana tura keken abinci.

"Ni ma wata huɗu ban tako garin nan ba," in ji Chunja. "Da na zo na yi mata wanka ko sau ɗaya, da na gani." Ta ciro wayarta ta juya ta a hannu. "Gadon gidan jinyar can ba zai jira ba. In na sake shi, sai mu koma ƙarshen layi. Kuma ka ji abin da likita ta ce, ciwon yana nan. Wata rana za ta wuce ƙarfinka."

"In ranar ta zo ni zan kira ki."

"Ƙarya kake. Ba za ka kira ba."

"To Malsun ta kira ki."

Haka aka yi. Chunja ta gindaya sharuɗɗanta a tsaye a barandar nan, tana nuna shi da waya. Duk Laraba zai goya Umma zuwa gidan wanka, Malsun ta tuɓe ta ta duba ta daga wuya har tafin ƙafa, ta ɗora ta a sikelin da ke ɗakin canza kaya. Abin da Malsun ta gani Chunja za ta faɗa wa, ba shi ba. In aka yi amai sau biyu a jere, asibiti a ranar. Ya ce ya ji. Ta ce ya maimaita. Ya maimaita kamar ɗan aji biyu. Sannan ta matsa can gefe ta kira gidan jinyar ta ce a ba wani gadon.

Ranar Talata ya hau matakalar da Umma a baya. A tsakiyar hanya ta ce ya tsaya, ta nuna masa wani gida ta ce matar gidan ta taɓa cin bashin kifinta ta hana. Matar ta mutu shekara ashirin da suka wuce. Ya ce zai je ya karɓo. Da suka isa ya sauke takardar daga kan firij, kwalbar man riɗi ta bar mata zobe a tsakiya, ya shimfiɗa ta a kan katako ya feɗe kifi a kai.

Bayan sati ɗaya aka koma ƙaramar filasta. Ya ɓare ta jiya, ya ninke ta biyu, ya sa a gwangwanin da yake tara tsofaffin kusoshi, ya tafi da shi shago. Ya rage zafin daɓen, ya cire mariƙin da ake murɗa zafin da shi ya ɓoye. Ya ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Ya dawo cin abincin rana ya tarar ta zazzage kwandon shara a tsakiyar ɗakin girki, tana tonon ƙayar kifi da ɓawon albasa, tana kuka. An sace mata maganin gwiwa. Washegari ma haka. Ya yi mata bayani, ta ce ta gane, bayan minti biyar ta koma kwandon. Ya saya mata filastar ciwo ƙanana zagayayyu, irin da take so, ya miƙa mata kwali guda. Ta ture. Wa ya ce ya kashe kuɗi a kan sabo alhali ga na gida ana zubarwa?

Malsun ce ta ji labarin ranar Laraba, a bakin labule, Umma na zaune a ciki ta yi jawur da wanka tana shan madarar ayaba.

"Kai dai injin ma ban san yadda kake gyara shi ba," in ji ta. "Ba filastar take so ba, tsintuwar take so."

Tun daga ranar, kullum da safe in ya gama da kafaɗarta, sai ya juya mata baya, ya ciro filastar ciwo ɗaya daga aljihu, ya zana mata lamba da baƙin alƙalami, ya ɗora ta a saman sharar, a kan busasshiyar takarda. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya sa takalmi a hankali. Kafin ya kai ƙofar gida sai ya ji murfin kwandon ya motsa.

"Sabo fil," yake jin ta tana cewa. "Ubansa sak."

Ya ja ƙofar ya sauka tasha.